Abin da Muka Gani a Kano Kafin Mota Ta Tashi

Na fi shekara talatin ina ratsa Kano. In taso daga Gumel, in sauka a wannan tasha, in shiga wata motar a waccan, in wuce abina. Da wani ya tambaye ni ko na san Kano, da sai in ce masa na san ta kamar yunwar cikina. Amma gaskiyar magana, sanina bai wuce bencin tasha da mai shayi da 'yan kamasho ba. Na tabbata da yawa cikin masu karatu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar haka suke. Mukan zauna bisa kayanmu sa'a shida ko bakwai, muna gyangyaɗi, muna tsoron 'yan sane, alhali kuwa ga birni mai shekara dubu a bayan katangar tasha.

A watan Nuwamba na 2024 ne na karya wannan al'ada. Ɗana na biyu zai tafi Ikko wurin kawunsa domin koyon aikin wayar lantarki. Yaron a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar ya tashi, iyakar tafiyarsa kuwa Gumel, sai Maigatari ran kasuwa. Motar Ikko ba ta tashi sai da yamma, mu kuwa za mu isa Kano da hantsi. Na ce a raina, wannan wuni shi ne na ƙarshe da zan yi da shi, Allah kaɗai ya san ranar da za mu sāke haɗuwa. Ba zan ƙarar da shi a kan benci ba.

Kashi huɗu

Ran Alhamis na kora rago da tunkiya zuwa Maigatari. Wanda bai taɓa cin wannan kasuwa ba, ya yi ƙoƙari ya je. Tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Ga raƙuma a durƙushe, ga shanu da dawakai da jakuna, ga Buzaye da Fulani da mutanen Damagaram, ga kuma fataken Kudu da manyan motocinsu suna jiran lodi. Na sayar da dabbobina da daraja, amma da na lissafa kuɗin mota sai jikina ya yi sanyi, gama tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tafiya ta zama sai mai ƙarfi.

Da dare muka zauna da uwar yaron, muka kasa kuɗin kashi huɗu. Na fari kuɗin motar Ikko. Na biyu guzurin yaro, wanda ta ɗinke masa a cikin aljihun wando. Na uku kuɗin komowata gida. Na huɗu, wanda ya fi duka ƙanƙanta, shi muka kira kuɗin yawo. Muka yi alkawari ba za a taɓa ukun nan ba ko da mene ne muka gani. Mai karatu ya riƙe wannan alkawari a ransa, za mu komo kansa.

Ta kuma haɗa mana ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai da kantun riɗi, ta cika gora biyu da zoɓo. Matafiyin da ya fito da abincinsa daga gida ya rage rabin tsadar birni.

Daga Gumel zuwa Yankaba

Ran Talata da asuba muka yi addu'a, muka fito. Muka sami motar farko a tashar Gumel. Tsakanin Gumel da Kano kamar kilomita 120 ne, ta Gujungu da Gezawa da Jogana. Kaka ta yi, an girbe gero, an kafa bukkokin kara a gonaki. Yaron bai ce uffan ba har muka shiga cunkoson Yankaba, inda motocin wajenmu suke sauke fasinja.

A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, sai keke mai ƙafa uku da ake kira A Daidaita Sahu. Ga dabara: ka faɗi inda za ka, ka ji kuɗin tun kana ƙasa, sa'an nan ka shiga. Kada ka ɗauki shata. Ka shiga tare da sauran mutane, ko da za a sauke ka ka sāke wani, ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ba mu fara da kallo ba. Muka wuce kai tsaye tashar da manyan motocin Ikko suke lodi, muka yanki tikiti, muka ba da akwatin yaron ajiya, aka ba mu takardar shaida. Na tambayi magatakardan lokacin tashi.

Ya ce, "Baba, ku dawo kafin ƙarfe biyar. In mota ta cika ba ta jiran kowa."

Na duba agogo, ƙarfe goma saura kwata. Ba mu da kaya sai 'yar jakar abinci a kafaɗa. Na zaɓi wurare biyar da suke kusa da juna cikin tsohon birni, waɗanda mutum zai iya bi da ƙafa: marinar Ƙofar Mata, ƙofar gidan Sarki, Gidan Makama, kasuwar Kurmi, da dutsen Dala.

Marinar Ƙofar Mata

Keke ya sauke mu a Ƙofar Mata, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Kano ta wajen gabas. Sarki Gijimasu ne ya soma gina ganuwar, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Yau gine-gine sun cinye yawancinta, sai guntaye nan da can kamar tsohon shuri.

Marinar tana nan gab da ƙofar. An rubuta 1498 a bakin shiga, watau shekarar da aka kafa ta. Rijiyoyi ne ƙanana a jere, kowace da zurfinta. Ana zuba ruwa da toka da katsi da baba, a bar su kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Sa'an nan marini ya zauna a bakin rijiya, ya tsoma zane, ya ɗaga, ya tsoma, ya ɗaga. Abin da ya ba yaron mamaki shi ne, zanen yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗa ya zama shuɗi a gaban idonka. A gefe kuma ga masu bugu da manyan mabugai na itace, suna dukan rinannen zane bisa gungume har ya yi ƙyalli.

Rijiyoyi da yawa sun bushe, an bar su da shara, domin atamfar waje mai araha ta kashe kasuwar. Waɗanda suka rage a kan aikin yawancinsu dattawa ne. Muka gai da wani tsoho, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu.

Ya ce, "Sannunku da zuwa. Baƙi daga ina?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Daga ƙauye muke, Baba."

Tsohon ya yi dariya. Ya ɗebo busasshen baba a hannu ya ce, "Samari, ka ga wannan? A kan kwalta ya tsiro? Daga ƙauye ya zo. In ƙauye bai aiko ba, ni da rijiyata sai mu yi ta kallon juna."

Ba a sa mana kuɗin shiga ba, amma na ba tsohon na goro, gama ya bar aikinsa ya yi mana bayani. Wanda yake so ya ɗauki hoto, ya nemi izini tukuna.

Ƙofar gidan Sarki da Gidan Makama

Daga nan muka miƙe da ƙafa zuwa cikin gari. Ba a jima ba sai ga babban masallacin Juma'a da dogayen hasumiyoyinsa, kusa da shi kuma gidan Sarki, wanda ake kira Gidan Rumfa. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa ne kuma aka kafa kasuwar Kurmi. Muka tsaya daga waje, muka ga dogarai da rigunansu ja da kore.

Na san waɗansu daga cikinmu Kirista suna jin nauyin shiga cikin birni. Ni dai abin da na gani shi ne, baƙon da ya yi shiga ta mutunci, ya yi gaisuwa, bai kutsa inda ba a kira shi ba, ba wanda ya ce masa kanzil. Mace ta yafa mayafi. Ranar Juma'a da tsakar rana wurin yakan cika maƙil da masu salla, saboda haka mai yawon kallo ya zaɓi wata rana. In kuma ka ji ana wata hayaniya a gari, ka bar kallo sai wani jiƙon.

Gidan Makama yana kudu da fada, 'yar tafiya kaɗan. A nan Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne. Nan kaɗai muka yanki tikiti, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ginin ƙasa ne mai kauri, da soraye masu sanyi ko da rana ta take. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da masu da takubba, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903.

A inuwar wani soro muka zauna muka sha zoɓo. Yaron ya ce, "Baba, mu fa, muna da tarihi irin wannan?"

Na ce masa muna da shi. Sarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750. Sa'ad da sarakunan Kano da Katsina da Zazzau suka shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato, Gumel tana tare da Barno, ba a kuwa ci ta da yaƙi ba. Turawa ne suka haɗa mu da lardin Kano. Muka zauna cikin Jihar Kano har 1991, sa'ad da aka yanke Jigawa. Na yi mamakin kaina, gama ban taɓa zaunar da shi na gaya masa waɗannan abubuwa a gida ba. Sai da muka zo garin mutane bakina ya buɗe.

Kasuwar Kurmi

Azahar ta yi sa'ad da muka shiga Kurmi. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, wani ya shiga wani, in ba ka lura ba sai ka zaga sau uku ka komo inda ka fito. Kowace sana'a da layinta. Ga masu huluna, ga masu kayan doki da linzami da sirdi, ga masu duwatsun wuya, ga masu kanwa da kayan yaji da sassaƙe, ga dukawa da jakunkuna da takalma da titimi. Tun zamanin ayari ake ɗaukar jan kilago na ƙasar Hausa a ƙetare Sahara da shi, har Turawa suka riƙa kiransa fatar Maroko, domin daga can yake isa hannunsu.

Yaron ya fara gane abubuwa da kansa. Ya nuna mini kanwa ya ce irin ta Maigatari ce. Ya ga buhun zoɓo da na riɗi ya ce, "Baba, wannan ai namu ne." Ana yi wa Kano kirari cewa duk abin da ka zo da shi an fi ka. Gaskiya ne, amma da abin da muka kawo aka fi mu.

Abincin rana muka ci gurasa, wadda aka yayyafa wa ruwa, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba mai da albasa. Kanawa suna ce mata bandashe. Da ƙwan da muka zo da shi, mutum biyu muka ƙoshi da kuɗin da ba zai sayi kwano ɗaya a gidan abinci ba.

A layin dukawa ne aka kama ni. Yaron ya tsaya yana shafa wata 'yar jakar fata ja, mai igiya, daidai ta ajiye takardu. Bai roƙa ba. Ya ajiye ta, ya yi gaba, ya waiwayo. Na tambayi kuɗi. Baduku ya faɗi nasa, na taya kashi ɗaya cikin uku, ya ce albarka. Na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Muka yi ta ja har muka daidaita wajen rabi. Na biya, sauran kuɗin yawo kuwa bai fi na ruwan sha ba. Na ce ba kome, Dala ai ga ta can muna hange, mu taka.

A kan Dala

Abin da ido ya hango kusa, ƙafa ce take sanin nisansa. Muka ɓata a lungu sau biyu kafin wani yaro ya nuna mana hanya. Sa'ad da muka isa gindin dutsen, ƙarfe uku ta wuce. Akwai matakala, na hau ina hutawa, yaron kuwa ya riga ni kaiwa.

A nan Kano ta fara. Mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne masu narka tama, tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekara ta 999. Daga sama muka ga birnin a shimfiɗe ta kowace fuska, har inda hazo ya tare ido. Ga Goron Dutse ta yamma. Ga hasumiyoyin masallacin da muka baro. Ga jirgin sama yana sauka can ta arewa. Tsohon gari a cukuɗe, rufin kwano ya maye gurbin soraye, sai kukoki da dabino jefi-jefi.

Na ba shi labarin wani matafiyi da ya tsaya a wannan wuri kafin mu. Bajamushe ne, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashen nan Abdulkarim yake kiran kansa. Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, aljihunsa wayam, ga bashi a wuyansa. Duk da haka ya zaga birnin, ya hau Dala ya zana hotonsa. A watan Maris ya kama hanyar Kukawa, ya bi ta Gumel ta wancan zamani. A can ne wasiƙun gida suka same shi, ya kuma rubuta cewa Gumel babbar kasuwar kanwa ce. Na ce wa yaron, ka ga rashin kuɗi bai hana shi buɗe ido ba.

Na nuna masa wajen tashar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka ja reshe zuwa Nguru ya kai a 1930, ya bi ta Gagarawa. Kakansa yakan ɗora gyaɗa a jaki ya kai Gagarawa Tasha, a zuba a jirgi. Da irin waɗannan buhuna aka yi dalar gyaɗa ta Kano da ake gani a hoto. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma, dalar ta ɓace.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ta ina gida yake?"

Na juya shi arewa maso gabas. Ba a ganin kome sai hazo. Ya daɗe yana duban wurin, yana riƙe da igiyar jakarsa. Ni ma ban ce kome ba.

Alkawarin da na karya

Da na duba agogo, ƙarfe huɗu da kwata. Muka sauko a guje. Lokacin tashi daga kasuwa ne, hanya ta cushe, kowane keke cike. Kuɗin yawo ya ƙare a layin dukawa. Na tsaya a bakin titi ina lissafi: ko in riƙe alkawari mota ta tafi da akwati ta bar yaro, ko in taɓa kuɗin komowata. Na tare keke na ce shata. Mai keken ya ga idona, ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ban ko taya ba.

Muka isa biyar saura minti kaɗan, ana kiran sunaye. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, na sa masa albarka a tsaye cikin hayaƙin mota. Duk maganar da na shirya zan yi masa, ba wadda na samu na faɗa. Mota ta tashi, na ga jar jaka ta taga.

Abin da ya rage a aljihuna ba zai kai ni Gumel ba. Na taka zuwa Birget wurin wani ɗan'uwa, na kwana, da safe ya cika mini kuɗin mota. Da na isa gida na faɗa wa uwar yaron gaskiya. Ta ce tun da ba guzurin ɗanta na taɓa ba, ta yafe.

Ga mai niyya

Wanda zai bi sawunmu, ya gyara inda na yi kuskure. Ka sa wuri mafi nisa a farkon yawonka, mafi kusa da tasha a ƙarshe. Da mun fara da Dala da sanyin safe, da ba mu yi gudu ba. Ka ware kuɗin keken komowa tasha, ka haɗa shi da waɗanda ba a taɓawa. Ka bar sa'a guda cur saboda cunkoso. Sayayya kuwa ka bar ta sai ƙarshe, sa'ad da ka san abin da ya rage.

Kada ka yi haɗama. Ba mu je Kantin Kwari ba, ba mu je gidan namun daji na Audu Bako ba, ba mu ga Gidan Ɗan Hausa ba, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Suna nan sai wani zuwan. Waɗanda kuma suke kawo majiyyaci Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1943, sau da yawa sukan sami wuni guda na jira. In akwai mai zama da majiyyacin, ɗaya ya ɗauki yara ya kai su marina ko Gidan Makama, ya dawo kafin la'asar.

Bayan mako biyu yaron ya kira ni a waya. Ya ce a wurin aikinsu duk wanda ya ji Hausa a bakinsa sai ya ce masa ɗan Kano. Shi kuwa yakan ce musu a'a, shi mutumin Gumel ne, amma ya san Kano, ya hau Dala, ya ga inda zane yake shiga rijiya ya fito kore ya koma shuɗi. Ya ce ba su yarda da zancen zanen ba. Ya roƙe ni in na sāke zuwa Kano in saya masa ɗan ƙyalle a Ƙofar Mata in aika masa. Na ce to, bari kaka ta zo.